Lokotoro Zakiyya, Mai Sauraron Ƙirjin Yaran Damagaram

Kafin ta kai ko ruwan shayi bakinta, Lokotoro Zakiyya Mai Nasara takan fito tsakar gidanta da ke unguwar Zango bayan sallar asuba, ta tsaya ta shaƙi iskar gari. So take ta san abin da ke cikin iskar: ko maƙwabta sun cinna wa bola wuta, ko hadarin jiya ya bar danshi, ko an fara sussukar gero a ƙauyukan kewaye har ƙaiƙayi ya iso gari. Daga abin da hancinta ya gaya mata take gane irin yinin da ke jiranta. In ta koma ɗaki fuska a ɗaure, mutanen gidan sun san yau ba da ita za a ci abincin rana ba.

Ba ta shafa turare in za ta aiki, ita da aka haifa a unguwar Birni, a gidan da ko zanen shimfiɗa sai an turara shi. Takan hau kabu-kabu zuwa sashen yara na gidan likitan da ta ƙarar da ƙuruciyarta a ciki. Kuma ba ta wucewa biro, wato ofishinta, kai tsaye. Sai ta bi bencin da mata ke jere da 'ya'yansu, a hankali, kai a karkace kamar mai neman abin da ya faɗi. Yaron da ke tsala kuka bai cika tayar mata da hankali ba, don ta san yana da iskar da zai yi kukan. Wanda take nema shi ne wanda ya yi lamo a jikin uwarsa, kafaɗunsa na ɗagawa suna sauka, ramin wuyansa na lotsawa, ba ya iya haɗa kalma biyu. Irin wannan takan kama hannun uwarsa ta ce, "Taso, ke ce farko," ko da ita ce ta zo ƙarshe. A da ana gunaguni. Yanzu matan da kansu suke nuna mata: "Lokotoro, duba wancan na kusa da ƙofa."

Bana take ajiye aiki. Mutanen Damagaram sun san ta da likitar asma, matar nan mai farin gilashi da ba ta cika dariya ba. Kaɗan ne suka san cewa a wasu jami'o'i masu nisa, inda ba a taɓa jin sunan Gaffati ko Tirmini ba, akwai masu koyon aikin likita da ke karanta abin da ta rubuta a kan yaran waɗannan ƙauyuka. Ita ba za ta faɗa ba. Shi ya sa ya dace a faɗa a madadinta, tun tana raye tana ji.

A Damagaram ta yi lakwal, wato makarantar boko, har ta gama lise, babbar sakandare, ta wuce Yamai ta yi karatun likita, daga nan ta tafi Dakar ta ƙware a ciwon yara. Da ta dawo gida, ta dawo da abin da aka koya mata: wai asma da borin jini ciwon yaran manyan birane ne, ɗan karkara bai cika yin su ba. Sai dai fuskokin da take gani a benci suka ƙi yarda da wannan magana. Yaro ya zo yana haki, a ce limoniya ce, wato ciwon sanyin huhu, a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya ɗan warware ya tafi. Kafin wata ya zagayo ga shi ya dawo. Ita ma da hannunta ta rubuta irin wannan magani, don abin da aka saba ke nan. Amma in ta ɗora abin saurare a ƙirjin waɗannan yara, abin da take ji fito ne siriri, kamar iska na bi ta tsagar ƙyaure, kuma jikinsu babu zazzaɓi.

Abin ya hana ta sukuni. Ta fara bin yaran ɗaya bayan ɗaya, tana ba su bututun da ake hurawa a auna ƙarfin numfashi, ta ba su maganin shaƙa, ta sake aunawa. Ranakun hutu, lokacin da ƙawayenta ke gidajen biki, ita tana zaune tana harhaɗa abin da ta gani da Faransanci. Mujallar likitoci ta farko da ta aika wa ta dawo mata da rubutun, aka ce yaran da ta bincika sun yi kaɗan. Ta yi kwanaki ba ta yi wa kowa zancen ba. Tsoronta shi ne kada ya zama su ne da gaskiya, ita ce ke jin abin da babu. Daga baya ta tashi ta shiga ƙauyuka, lakwal bayan lakwal, makarantar allo bayan makarantar allo, har yaran suka kai yawan da ba a iya kau da kai daga gare su. Aka buga. Abin da rubutun ya nuna a taƙaice shi ne: da yawa daga yaran da ake ta yi wa maganin limoniya a yankin, asma ce da su.

Amma in kana son ka san wace ce wannan mata, ka tambayi Majo Ɗanƙarami, babban ma'aikacin jinyar da suka daɗe suna aiki tare, labarin Hasana.

Wata shekara bayan an cire gyaɗa, wata mata mai suna Zainaba ta kawo yarinya 'yar kimanin shekara shida, ƙirjinta na fito. Da Lokotoro ta ji sunan yarinyar, sai ta tambaya, "Ina Usainarta?"

Zainaba ta ce, "Tana Gaffati wajen uwarsu. Ni gwaggonsu ce. Wannan a wajena take, nan Zango."

"An raba tagwaye? Me ya yi zafi?"

A hankali labarin ya fito. Uban yarinyar, Sha'ibu, manomin gyaɗa ne. Uwarta, Larai, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ne sana'arta. Tun da aka yaye Hasana, duk ranar da ake suya sai idanunta su kumbura, ƙirjinta ya ɗauki kuka. Wata rana tana cikin cin ƙuli-ƙuli a bakin murhu sai ta sulale, leɓɓanta suka yi baƙi, da ƙyar aka samo kanta. Manyan gida suka yanke cewa jininta ba ya son gyaɗa. To gidan kuwa duk inda ka juya gyaɗa ce, a rumbu, a tukunya, a jikin tufafi. Sai aka ɗauke ta aka kai wa gwaggonta. In Larai za ta zo ganinta, sai ta yi wanka ta sauya kaya, kuma duk da haka a ɗarare take rungumar ta. Usaina kuwa sai da salla suke ganin juna.

"Ba ta wasa," in ji Zainaba. "Sai dai ta zauna a bakin ƙofa tana kallon masu wucewa. Ni kaina abin na damuna."

Lokotoro ta dubi yarinyar. Abu ɗaya ya tsaya mata a rai: a gidan Zainaba babu gyaɗa ko ƙwaya ɗaya, amma ga ƙirjin yana fito. Ta yi mata gwajin fata, wanda ake ɗiga ruwan abubuwa daban-daban a damtse a ɗan tsaga wurin, a ga wanda jiki zai tashi a kai. Wurin gyaɗa ya ɗan tasa kaɗan. Wurin ƙananan ƙwarin da ido ba ya gani, masu zama a tsofaffin tabarmi da buhunna, ya tashi sosai ya yi ja. Wannan bai raba gardama ba. Hanya ɗaya ce ta rage a san gaskiya, ita ce a ba yarinyar gyaɗa ta ci a gaban likita.

Ta san abin da hakan ke iya jawowa. A Dakar ta taɓa ganin yaron da maƙogwaronsa ya toshe ana tsaye a kansa, bayan lomar da ba ta kai girman ɗan yatsa ba. Ya rayu, amma ba ta manta kalar fuskarsa ba. Don haka ba ta yi gaggawa ba. Ta fara ɗora Hasana a kan maganin shaƙa har ƙirjin ya washe, sannan ta aika aka kira iyayen.

"Malam Sha'ibu," ta ce, "ina so in ba 'yarka ƙuli-ƙuli ta ci a gabana."

Ya ce, "Lokotoro, abin da muka raba ta da gida saboda shi?"

"Shi."

"In ciwon ya tashi fa?"

"In ya tashi, ga allura a kusa, ga iskar taimakon numfashi, ga ni ga Majo. Ba zan ce maka babu hatsari ba. Zatona ba gyaɗa ce ke damunta ba, amma zato ne. In ba mu gwada ba, haka za ta girma a gidan gwaggonta, ba mu san ko da dalili ko babu ba."

Sha'ibu ya cire hularsa ya mayar. Ya ce zai je ya yi shawara da mahaifiyarsa. Larai ta ɗago kai.

"In za ta ci, nawa za ta ci. Ni zan soya in kawo."

Mako ya wuce babu labari. Lokotoro ta fara fatan kada su dawo, sannan ta ji haushin kanta da wannan fata. In sun ƙi, babu mai zarginta. In sun yarda abu ya ɓaci, ita ce matar da ta kira iyaye ta ba 'yarsu abin da suka guje mata. Ta sake karanta duk abin da ta iya samu a kan irin wannan gwaji. Ta sa Majo ya duba kayan gaggawa, ta dawo ta sake dubawa da kanta, har ya ce mata, "Lokotoro, tun jiya ba abin da ya sauya a cikin akwatin nan."

Suka dawo da hantsi, ranar wata Talata. Larai na riƙe da ɗan kwano a naɗe cikin gefen mayafi. Sun zo da Usaina, aka zaunar da ita a bakin ƙofa inda 'yar'uwarta ke iya ganinta. Majo ya sa wa Hasana allurar ƙarin ruwa a bayan hannu don hanya ta zama a buɗe, ya zuƙi maganin gaggawa a sirinji ya ajiye a faranti. Lokotoro ta gutsuri ƙuli-ƙulin, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar gero, ta ce, "Buɗe baki, 'yata."

Hasana ta dubi uwarta. An daɗe ana gaya mata wannan abu zai kashe ta.

"Ci," in ji Larai. "Ni na yi shi."

Ta ci. Aka zauna jira. Lokotoro na duban leɓɓan yarinyar, da bayan kunnuwanta, da wuyanta, ko za ta ga ja ko kumburi. Ta cusa hannuwanta a aljihun farar rigarta. Babu abin da ya faru. Ta ƙara gutsure mafi girma. Aka sake jira. Sha'ibu na tsaye jikin bango, leɓɓansa na motsi. Aka sake ƙarawa.

Sai Hasana ta yi tari.

Ta sake yi, ta kama wuyanta, idanunta suka kawo ruwa. Larai ta miƙe tsaye. Hannun Majo ya riga ya kai kan sirinji, yana jiran kalma ɗaya. Lokotoro ta durƙusa ta ɗora abin saurare a ƙirjin yarinyar, amma da farko bugun zuciyarta ita kanta kawai take ji a kunnenta. Ta rufe ido, ta saki numfashi, ta sake saurare. Dama, hagu, gaba, baya. Iska na shiga tana fita, babu fito. Ta haska maƙogwaro, babu kumburi. Ta ɗaga riga, fata lafiya lau.

"Me kike ji, Hasana?"

"Ya maƙale min," in ji yarinyar. "Ya yi tauri."

Aka ba ta ruwa ta sha, tarin ya tsaya. Majo ya ce a nan ne ya ga Lokotoro ta yi tsaye tana kallon kwanon. Tana iya cewa a tsaya nan, kowa ya tafi gida da ransa, amma a tafi ba a san komai ba. Ta juya ga Larai.

"Uwar biyu, ƙirjinta lafiya yake. Ina so mu ci gaba. In kin ce a'a, mun tsaya."

Larai ta koma ta zauna. "Mun riga mun zo," ta ce.

Kafin azahar Hasana ta cinye ƙuli-ƙuli guda cur, tana miƙa hannu a ƙara mata. Lokotoro ta riƙe su har bayan la'asar, tana saurare tana sake saurare. Babu komai. Majo ya yi zaton Larai za ta yi guɗa. Ba ta yi ba. Ta zauna da kwanon a cinya tana kallon tagwayenta, waɗanda suka haɗa kai a kan gado ɗaya suna raɗa.

"To shekarun nan fa, Lokotoro?" ta ce. "A banza na raba su ke nan?"

"Kin ga 'yarki tana shiɗewa, kin yi abin da kike ganin zai tsare ta. Kowace uwa haka za ta yi. Kuma ciwon gaskiya ne, yana nan. Abin da ke tayar da shi ne za mu nemo."

Ba ta bari a mayar da yarinyar Gaffati ba sai da ta je ta ga gidan da idonta. Ta tarar Larai na suya a cikin wata bukka mai ƙofa ɗaya, da karan gero da ɓawon gyaɗa a murhu, hayaƙi ya mayar da jinka baƙi ƙirin. Ita kanta Lokotoro ba ta jima a ciki ba ta fito tana share hawaye. A ɗakin kwana kuma, tabarmar yara na jingine da tsofaffin buhunna. Ta sa aka fitar da murhu fili, can gefen da iska ke kwashe hayaƙi daga ɗakuna. Aka kwashe buhunnan, aka shanya shimfiɗa a rana. Ta huda gindin gorar roba ta soka ɗan famfon maganin shaƙa a ciki, ta nuna wa Larai da Sha'ibu yadda yarinya za ta kama bakin gorar ta ja numfashi a hankali, ta sa su suka yi a gabanta har hannunsu ya faɗa.

Hasana ta koma gida. Ranar suyar farko, Lokotoro ta kasa zama a biro. Ta duba yaro ta fito, ta duba wani ta fito. Daga ƙarshe ta kira Sha'ibu a waya.

"Ina yarinyar?"

"Tana bayan gida, Lokotoro. Faɗa suke da Usaina a kan 'yar tsana. Ba kya jin muryarta?"

Ta ce ya ɗan matsa kusa da su. Ta tsaya da waya a kunne tana sauraron yarinya na masifa da dogon numfashi, ba tsayawa.

Daga kan Hasana ne bincikenta na biyu ya taso. Ta bi yara masu yawa da gwajin fata ya ce jikinsu ba ya son gyaɗa, ta gano akasarinsu suna ci lafiya. Amma ba duka ba. Akwai yaron da ana cikin gwaji fuskarsa ta kumbura, muryarsa ta dushe. Majo ya danna masa allura a cinya, yaron ya dawo daidai. Da aka fita da shi, Lokotoro ta zauna a ƙasa, a kan siminti. Ta rubuta duka biyun ba ta ɓoye ko ɗaya ba: kada a hana yaro gyaɗa saboda gwajin fata kawai, a ƙasar da gyaɗa ce naman yaran talakawa, kuma kada wani ya gwada wannan a gida ko a inda babu allurar gaggawa.

Lokotoro, ke ce kika ɗauki ƙirjin ɗan manomi abin da ya isa a yi bincike a kansa, a lokacin da ake ganin zazzaɓin cizon sauro da tamowa sun ishe mu abin damuwa. An kira ki Yamai, an kira ki waje, kika ce yaran da kike bi suna nan. Ke ce ba ki taɓa ce wa uwa "kada ki damu" ba alhali ke kanki a dame kike.

Ba kowa ne ya gode mata ba. Da ta fitar da rubutunta a kan hayaƙin cikin ɗaki, wato na murhu da na maganin sauro da na turaren wuta, ta ga babu wata mai jego a Damagaram da za ta karanta mujallar likitoci. Sai ta shiga gidan radiyo ta faɗa da Hausa. Washegari wasu mata masu haɗa turare daga Birni suka same ta a biro, cikinsu har da ƙawar mahaifiyarta.

"Zakiyya," in ji tsohuwar, "a cikin hayaƙin turaren nan aka raine ki. Yau shi ne ciwo?"

"Inna, ni ma ina so, kin sani. Ban ce a daina ba. Cewa na yi a fitar da jariri kafin a sa garwashi, a buɗe taga, in hayaƙi ya lafa a dawo da shi. Ku da ake saye a hannunku, in kun faɗa za a fi jin ku da ni."

Tsohuwar ta tashi ta tafi. An daɗe ba a gayyaci Lokotoro wasu bukukuwan ba. Amma yau a Birni akwai masu turaren da in sun miƙa wa mai jego kwalba sukan ce, "Ki fitar da yaron tukuna."

Akwai kuma abin da ba ta son a tuna mata, amma ba a fahimtar ta sai da shi. Wani yaro daga Tirmini, ɗan shekara tara, ta ɗora shi a kan magani har ya koma bin awaki da gudu. Maƙwabta suka ce wa iyayensa in yaro ya saba da famfon nan ba zai ƙara iya numfashi sai da shi ba. Suka ɗauke suka ɓoye, don su yaye shi. Lokacin sussuka ya zo, ƙaiƙayi ya cika gari, ciwon ya tashi da rana tsaka. Kafin a tuna inda aka ajiye famfon, kafin a samu abin hawa, ya cika a hanya. Lokotoro ta je gaisuwa. Ba ta yi wa kowa faɗa ba. Ta zauna cikin mata ta tambaye su, a hankali, me suke ji ana faɗa a kan maganin. Abin da suka gaya mata shi ya zama rubutunta na gaba, a kan dalilan da ke sa iyaye su daina bai wa yara maganin shaƙa. Tun daga ranar, ba ta sallamar uwa sai ta tambaye ta, "Wa zai hana ki ba shi? Kawo min shi mu yi magana." Kakanni da dama sun zauna a kujerar bironta saboda wannan tambaya.

Yanzu damuwarta ita ce bayanta. Matashin likitan da ta raina a wannan fanni, Lokotoro Mahamud, ya samu gurbin ƙarin karatu a waje, kuma ita ce ta matsa masa ya nema. Da ya zo yi mata sallama ya ce, "Hajiya, zan dawo."

"Na ji wannan magana a bakin mutane masu kirki kamarka," ta ce. "Ban ce ƙarya suka yi ba. Can ɗin ne yake da riƙo."

"To me zan ce miki ki yarda?"

"Kada ka ce komai. Je ka ka koyo. In ka tashi rubutu, ka rubuta a kan yaran nan."

Ya tafi. Yana kiran ta, yana aiko mata da abin da yake rubutawa ta gyara. Ko zai dawo, Allah ne masani. Kafin nan, sashen zai zauna a hannun Majo, wanda shi ma furfura ta cika masa kai, da likitocin da aikin yau da gobe ya riga ya yi musu yawa. Akwai yaran da take bi tun suna goye don ganin yadda ciwon ke sauyawa da girma, binciken bai kammala ba. In aka yi mata zancen hutu, sai ta tambaya wa zai auna su bana.

Wannan tambaya ba tata ba ce ita kaɗai. 'Yan mata da samarin Damagaram da ke karatun likita a yau, ga hanya an share muku: ciwon da ke ƙofar gidanku ya isa abin bincike, ba sai kun jira wani ya zo daga nesa ya rubuta ku ba. Masu iko da sha'anin lafiya, kada ku bari ƙofar nan ta rufu. Iyaye kuma, famfon nan ba ya kama yaro, kada ku ɓoye shi. Mun gode, Lokotoro Zakiyya. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar hutun da kika ƙi yi wa kanki.

Makon jiya iyayen yara suka haɗa mata 'yar walima a harabar sashen. An shimfiɗa tabarmi, an kawo lemo da soyayyen nama, mutane suka yi ta tashi suna yabo, ita kuwa tana zaune a takure kamar wadda ake yi wa shari'a. Da aka ce ta yi jawabi, ta miƙe ta gyara gilashinta, ta dubi taron.

"Duk wadda ta zo da famfon ɗanta, ta fito da shi."

Aka yi dariya, amma jakunkuna suka fara buɗewa. Ta bi su tabarma tabarma, tana karɓa tana girgizawa a kusa da kunne, tana mayarwa. Da ta zo kan wata matashiya mai goyo, ta girgiza, ta sake girgizawa, fuskarta ta sauya.

"Wannan babu komai a ciki. Tun yaushe?"

"Ban lura ba, Lokotoro."

"Ki zo gobe da safe."

Matar ta dubi na kusa da ita, ta dawo da ido. "Ai an ce daga yau kin gama aiki."

"Ki zo dai," in ji Lokotoro, ta miƙa hannu ga ta gaba.